Aiken Ashana

Yau aka kai Baba Rabe makwancinsa.
Jama'a ta cika layinmu har bakin titin Ƙofar Marusa,
tabarmi suka yi kaɗan, sai da aka aro benci.
Kowa da shedar da ya zo da ita:
mutum ne mai son yara,
aljihunsa ba ya rabo da alewa.
Na ɗaga hannu tare da su.
Addu'a ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Shekarata takwas.
Inna ta miƙo sule, ta ce ashana,
yi sauri, murhu na jira.
Shagon na da ƙyaure biyu, na waje da na ciki.
Iyakar abin da zan faɗa ke nan.
Na kawo ashana har da canji,
aka hura wuta, aka tuƙa tuwo, kowa ya ƙoshi.
Yaron da aka aika dai bai dawo ba.
Ni ke amsa sunansa, shekara talatin da biyar.

A dare na uku na faɗa mata,
da ta ga na koma jiƙa tabarma.
Ta rufe mini baki da tafinta,
har yau ina jin daddawar da ke tafin.
Ta ce, Mannir, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.
Aminin ubanka ne, sahu ɗaya suke tsayawa,
bashin shagonsa muke ci.
In zance ya fita, kai za a nuna da baki.
Daga ranar ta daina aikena,
ta daina kuma kallon idona.

Baba ya tafi kabari bai sani ba.
Abin da ya sani, yana da ɗa marar kunya
wanda ba ya durƙusa wa amininsa.
Sau biyu ya karya tsumagiya a kaina don haka.

Yanzu ina da keke uku da yaran shago.
Na juya tebur bayana na jingine da bango,
ba mai tsaya mini ta ƙeya.
Ƙyaurena buɗe yake ko ana ruwa.
Murja in ta dafa kafaɗata ban shirya ba
sai in zabura kamar an taka wutsiyar kyanwa.
Ta sha tambaya, ko ni ce ban yi maka ba?
In ce gajiya ce.
Shekara goma sha ɗaya gajiya na ɗaukar laifin wani.

Sada ya cika takwas da ƙaramar salla.
Ba a aikensa.
Ashana kuwa katan nake saye,
Murja na dariya, wai ko gobara za mu sayar.

Da aka watse na shiga wurin Inna.
Yana ta cinye mata ido, da sawu take gane mutum.
Ta ce, ka je?
Na ce, na je.
Ta laluba ta kamo hannuna, ta daɗe tana juya shi
kamar mai neman tabon da ba a fata yake ba.
Ta ce, tsoro na ji.
Na jira sauran. Babu saura.
Ban ce na yafe ba, ban kuma janye hannun ba.

Da dare aka ɗauke wuta.
Sada na barci, ƙafa ɗaya a ƙasa, baki buɗe.
Na ƙyasta ɗaya, ta mutu. Na ƙyasta wata.
Na ce, Murja, bar wanke-wanken nan,
zo ki zauna inda zan gan ki.
Akwai aiken da aka yi mini tun ina yaro,
yau nake so in dawo.